Saura Gwaji Ɗaya a Wayar Sallau

Shafi na 14

Bibata ta ajiye wayar a kan teburin Cha'ibu mai gyaran waya. Har yanzu tana cikin ledar da aka tsince ta, ledar sukari mai ƙulli biyu.

Cha'ibu bai taɓa ta ba. Ya gane ta tun daga nesa. Shi ya manna mata gilashin kariya, shi ya canza mata bakin caji da damina. Wayar mijinta Sallau ce, mai jirgin fito, wanda yau kwana shida ke nan da aka ga jirginsa yana yawo a ƙasan gada, ba fasinja, ba matuƙi.

"Sannu da haƙuri, Maman Kadi."

"Sannu."

A bayanta Mahamadu ne, yayan Sallau, direban babbar mota da ke zaman jira tun da soja suka karɓi mulki aka toshe gadar kan iyaka da kwantenoni. Ya shigo rumfar, ya jawo benci ya zauna kamar gidansu.

"Cha'ibu, ba dogon aiki muka kawo ba," in ji shi. "Wanke ta za ka yi. Ka share komai ta dawo sabuwa. Gobe sadakar bakwai, in an watse sai a ba Kadi ta riƙe abin tunawa da ubanta."

"Ni ban ce a wanke ba," Bibata ta ce.

"Ke ba ki san waɗannan abubuwa ba."

"Ban sani ba. Shi ya sa na zo wurin wanda ya sani."

Cha'ibu ya kwance ledar, ya danna maɓallin gefe. Fuskar wayar ta haska. A ƙarƙashin wurin sa kod, lambar buɗewa, akwai layi ɗaya na Faransanci da jan rubutu. Ya karanta sau biyu.

"Wa ya taɓa ta?"

Mahamadu ya yi guntun murmushi.

"Ka ce wa bai taɓa ba."

Bibata ce ta lissafa masa, muryarta ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin sunayen garuruwan da mota ta ratsa. Ranar farko ta zaman makoki wayar ta bi tabarmi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya sa shekarar haihuwar Sallau. Wani ya ce a'a, takardar haihuwarsa ta ƙarya ce, an rage masa shekara biyu don shiga lekol, makarantar boko, sai aka sa ta gaskiyar. Aka sa shekarar Kadi. Aka sa lambar da ke jikin jirgi. Wani malami ya lissafa haruffan sunan Sallau da na mahaifiyarsa ya fitar da adadi, aka sa. Gwaggo daga Bengu ta yi tofi a kan gilashin, ta rufe ido ta danna abin da Allah ya kai yatsanta. Duk sanda wayar ta ce a dakata, sai a kife ta a kan faifai a ci gaba da gaisuwa, in lokaci ya cika wani ya ɗauka.

"Sauran kuma Yaya ne," ta ƙarasa. "Shi ya fi kowa ƙoƙari."

"Ƙanena ne," in ji Mahamadu.

Cha'ibu ya mayar da wayar kan tebur a hankali, kamar ƙwai.

"Wannan wayar gwaji goma sha biyar take ɗauka. An ci goma sha huɗu."

"In aka ci na ƙarshen fa?"

"In an yi daidai ta buɗe. In an yi kuskure ta share kanta. Hotuna, lambobi, muryoyin da aka aiko masa, waɗanda ya aika. Ba ni ba, ko wanda ya ƙera ta ba ya dawo da su."

"Haka kowace waya take?"

"A'a. Sai wadda aka sa wa."

"Ita wa ya sa mata?"

Wani ɗan kabu-kabu ya wuce bakin rumfar da buhunan albasa uku, ƙarar mashin ɗinsa ta cika wurin ta tafi. Cha'ibu ya jira ta tafi gaba ɗaya.

"Ni."

Bibata ta gyaɗa kai. Ba mamaki a fuskarta.

Ai ba abin mamaki ba ne. Rabin masu jirgi da 'yan dako da matan da ke soya kifi a bakin kogin Gaya, Cha'ibu ne ya sa musu kod. Mutum zai sayo waya a Malanbil ko Kamba, ya zo ya ajiye ta gabansa ya ce, ka kulle mini. Wanda bai iya karanta lamba ba, Cha'ibu ba ya koya masa lamba. Hanya yake koya wa yatsansa. Mai kifi, ya ce mata daga murhu zuwa tire zuwa aljihu. Sallau kuma ya koya masa da fito: ka tashi daga gaɓar nan, ka haura sama sau biyu, ka yanka tsakiya, ruwa ya sauko da kai wancan gefe. Sau uku Sallau ya gwada yatsansa ya riƙe.

Cha'ibu ba ya rubuta ko ɗaya. Duk suna kansa. Ya daɗe yana tunanin wannan al'amari in kasuwa ta yi sanyi. Shi da ya bar lekol a aji biyar, ya koyi gyara da ɓata wayoyin mutane, ga shi yana yawo da makullan gari a ƙoƙon kansa. Ba wanda ya zaɓe shi. Ba wanda ya tambaye shi ko yana da tsoron Allah. Sun dai ga ya iya karanta abin da waya ta ce.

"To buɗe," in ji Bibata.

"Ba zan iya ba."

"Ka manta?"

"Ban manta ba."

"To mi?"

"Na yi masa alkawari."

Mahamadu ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Wata biyar da suka wuce ne. Sallau ya zo da la'asar, wandonsa jiƙe har gwiwa. Tun da aka rufe gada duk abin da ke ƙetarawa tsakanin Gaya da Malanbil a jirgin fito yake ƙetarawa, mutane da buhuna da babura, har gawa. Masu jirgi suka zama mutanen da ake tsayarwa a tambaya: wa ka ɗauka, ina ya sauka, kawo wayarka. Sallau ya ce yana so in wayarsa ta faɗa hannun da ba nasa ba, ta ci kanta. Cha'ibu ya sa masa. Ya kuma sa mata ta riƙa ɓoye duk saƙon da ya shigo muddin tana kulle. Da zai tafi sai ya dawo ya kama hannun Cha'ibu, ya riƙe.

Ko uwata ta taso daga kabari ta ce ka buɗe, kada ka buɗe. Sai in ka ga gawata da idonka.

Cha'ibu ya yi dariya a lokacin, ya ce na ɗauka. Sallau bai yi dariya ba. Ya ce ka faɗa da sunan Allah. Ya faɗa.

Ya maimaita musu maganar yadda take, bai rage ba bai ƙara ba.

"Ka ji ko," in ji Mahamadu, yana duban Bibata. "Amana ce. Yaron nan ɗan halas ne. Mamaci ya bar magana, ba a taka ta."

"Mamaci," in ji Bibata.

"Allah ya jiƙansa."

"Ka ga gawarsa, Yaya?"

"Sarkawa sun bi kogin Kwara kwana huɗu har garin Dole. Kwara in ta cika ba ta mayar da abin da ta ɗauka, kowa ya sani."

"Ban tambaye ka Kwara ba."

"Bibata, ki iya bakinki. A kasuwa muke."

Ta juya ga Cha'ibu. Ba ta da tsawo, kuma kwanakin nan sun rage ta, amma tsaye take kyam, hannunta ɗaya riƙe da bakin mayafi.

"Ka san abin da liman ya ce mini jiya?"

"Ban sani ba."

"Na aika a tambaye shi yaushe zan fara ƙirgen takaba, daga ranar da aka ga jirgi ko daga gobe. Ya ce ba takaba. Ba gawa, ba wanda ya ga nutsewarsa, to maigidan ɓatacce ne, ba matacce ba. Matar ɓatacce shekara huɗu take jira. In sun cika ba labari, sannan ta yi wata huɗu da kwana goma."

Cha'ibu ya sunkuyar da kai.

"Gobe za a dafa shinkafa a yi masa sadakar matacce. Ni kuma in koma ɗaki in zauna matar mai rai. Shi ya mutu a wurin maza, yana raye a ɗakina. Ka gane wannan? Kai da ake cewa kana da tunani."

"Hukuncin Allah ne," in ji Mahamadu. "Ba wanda zai kore ki. Gidan ƙanena gidanki ne, ci da sha suna wuyana."

"Na gode, Yaya. Ba yunwa na kawo ƙara ba."

Cha'ibu ya ɗauki ƙaramin sukudireba ya juya shi a hannu, ya ajiye.

"Maman Kadi, waya ba ta faɗin mutuwa. Ko na buɗe, ba za a ga an rubuta ya nutse ba."

"Na sani. Amma za a ga wanda ya kira ƙarshe. Za a ji abin da aka ce masa. In fasinja ya ɗauka, wane ne, ina yake. In faɗa aka yi, da wa. Mutum ɗaya nake nema da zai tsaya gaban liman ya ce na gani."

"In kuma abin da ke ciki ba shi kike nema ba fa?"

"Kamar mi?"

"Ban sani ba. Mutum ba ya kulle abu haka kawai."

"Mace?" Ta ɗan karkata baki. "Shekara goma sha shida ina wanke masa riga. In mace ce ka bar masa abarsa, ba na son sunanta. Ka duba kai kaɗai. Ka juya mini baya ma in kana so. Kalma ɗaya za ka gaya mini."

Abin da ke damun Cha'ibu tun ranar Litinin ba alkawarin ba ne kaɗai. Sallau ba ya rabuwa da wayar nan. A wuya yake rataye ta, cikin jakar roba mai igiya, a ƙarƙashin riga, ko salla zai yi. Mutumin da ruwa ya kwashe da wayarsa yake tafiya. Wannan kuwa an same ta a bushe, cikin ledar sukari, an cusa ta ƙarƙashin katakon zama inda duk wanda ya jawo jirgin zai gani. Ya juya wannan a ransa kwana biyar, bai faɗa wa kowa ba, don bai san wa zai cuta da faɗinsa ba.

Sai kuma sharaɗin. Sai in ka ga gawata. Mai jirgin fito ne ya faɗi haka, mutumin da ya fi kowa sanin cewa irinsu ba kullum ake samun gawarsu ba. Ko bai yi tunani ba ne da ya faɗa, ko kuwa ya yi tunani sosai.

"Cha'ibu," in ji Mahamadu, ya sassauta murya. "Kai yaro ne mai hankali. Garin nan kowa ya ba ka kod ɗinsa don an san bakinka a rufe yake. Yau in ka buɗe ta Sallau don matarsa ta yi kuka, gobe matar Alassan mai kifi za ta zo da nata kukan. Jibi wani ya zo da kaki. Mi za ka ce masa? Ka ce ba ka buɗewa?"

Maganar gaskiya ce. Cha'ibu ya ji haushin cewa gaskiya ce.

"Ban yi kuka ba," in ji Bibata.

"Ba da ke nake ba."

"Da ni kake. Kullum da ni kake, kana duban wani."

"To ni na gaji." Mahamadu ya miƙa hannu. "Kawo. Saura ɗaya ko? Ni zan gwada. Na tuna wata lamba, ta motar da babanmu ya fara ja. In Allah ya sa ta buɗe, shi ke nan, Cha'ibu bai ci amana ba. In ba ta buɗe ba, haka Allah ya so."

Hannunsa bai kai ba. Bibata ta riga shi.

Ta riƙe wayar a tafin hagu, ta danna gefe kamar yadda ta ga an yi. Lambobin suka fito.

"In sharewa ce, ni zan share. Ni za ta ci wa shekara huɗu, ba kai ba."

"Maman Kadi, ki dakata."

"Ka ce ba za ka buɗe ba. Na ji. Ban ce ka saɓa wa Allah ba." Ta ɗora yatsa ta danna ɗaya. Ɗigo ya fito. "Guda nawa ne?"

Cha'ibu ya kawar da kai.

"Guda nawa ne, Cha'ibu? Wannan ma amana ce?"

"Shida."

Ta danna na biyu. Ta danna na uku. Ba ta ma duban inda yatsan ke sauka.

Cha'ibu ya ga hanya ta buɗe masa, shimfiɗaɗɗiya. Ba sai ya yi komai ba. Ya zauna kawai, hannuwansa a kan gwiwa, ɗigo uku su cika, wayar ta yi baƙi ta taso ba komai a cikinta. Alkawarinsa ya tsira. Sunansa a kasuwa ya tsira. Ba wanda zai ce ya yi laifi, har ita kanta.

Ta danna na huɗu.

Ya tuna ranar da ya faɗi na ɗauka. Su biyu ne a rumfar. Ya ba da abin da yake nasa, shirunsa. Sallau ya karɓa. Amma shekara huɗun matar nan ba nasa ba ne, ba na Sallau ba ne, kuma ba ta wurin da aka yi maganar. Bai san ko wannan hujja ce ta gaskiya ba, ko irin wadda zuciya ke ƙerawa in ta riga ta yanke abin da take so. Ba shi da lokacin tantancewa.

Ta danna na biyar.

"Kawo."

Yatsanta ya tsaya a sama.

"Kawo, na ce."

"Cha'ibu!" Mahamadu ya miƙe tsaye, benci ya yi baya. "Da sunan Allah ka rantse."

"Na sani. Ni zan yi kaffara, ba kai ba."

Ya karɓi wayar. Ya goge ɗigo biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya goge yatsansa a jikin riga, don gumi na sa gilashi ya ji abin da ba a danna ba. Sannan ya tashi daga gaɓar nan, ya haura sama sau biyu, ya yanka tsakiya, ya sauko wancan gefe.

Wayar ta buɗe.

Hoton da ke fuskarta na jirgin ne, sabon fenti, kore da fari.

Ya jawo saman fuskar ƙasa. Saƙonnin da ta ɓoye kwana shida suka zubo. Kiran da ba a ɗauka ba arba'in da wani abu, yawancinsu ranar Litinin, yawancinsu daga lamba ɗaya da aka ajiye da hoton tukunya, don Sallau da hoto yake gane mutane. Bai tambayi ko ta wace ce ba. Akwai muryoyin fasinjoji masu neman fito. Akwai tallar kamfanin waya.

A tsakiyarsu akwai wani guda da alamar garkuwa.

Ya buɗe shi. Gajere ne. Irin saƙon da ke zuwa da kansa in an shiga asusun mutum daga wata wayar da ba a saba da ita ba. An shiga asusunka daga sabuwar waya. Laraba, ƙarfe goma da minti bakwai na safe. Kandi, ƙasar Benin. In kai ne, ba sai ka yi komai ba.

Ya sake karantawa. Ya duba kwanan watan. Ya ƙirga da yatsa a ƙarƙashin tebur. An ga jirgi Litinin.

Asusun shi ya buɗe wa Sallau, don lambobinsa su biyo shi in ya canza waya. Makullinsa ba irin na yatsa ba ne, dogo ne, haruffa da lambobi a cakuɗe. Wannan kam Sallau ya kasa riƙewa, shi kaɗai ne Cha'ibu ya taɓa rubuta wa a takarda. Sallau ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, ya ɗaura a damtse tare da layunsa.

Ashe haka ne. An ajiye wayar a bushe don a tsinta. An tsinta don a kai gida. Sallau ya san danginsa, ya san ba za su iya ganin abu a kulle su bar shi ba, za su bi shi da gwaji har ya ci kansa. Ya san kuma mutum ɗaya da zai iya buɗewa, sai ya ɗaure shi da sharaɗin da ba zai taɓa cika ba. Gwaji ɗaya kawai lissafinsa ya kuskure.

Cha'ibu ya ɗaga kai.

Bibata wayar take kallo, tana bin rubutun da ido kamar zai juye ya zama Hausa. Mahamadu kuwa ba wayar yake kallo ba. Shi yake kallo. Ya girgiza kai sau ɗaya, kaɗan, yadda mai tsaye a gefensa ba zai gani ba.

A cikin su uku Cha'ibu kaɗai ke karanta Faransanci. Zai iya cewa talla ce.

"Mi aka rubuta?" in ji Bibata.

"Ki zauna."

"Na zauna kwana shida. Mi aka rubuta?"

"Ranar Laraba da safe an shiga asusunsa daga wata sabuwar waya. A Kandi."

"Ban gane ba. Ka faɗa mini da Hausa."

"Makullin asusun yana ɗaure a damtsensa. Ba wanda ya san da shi sai ni da shi. Wanda ya shiga, da wannan makullin ya shiga, kwana biyu bayan an ga jirgi."

Leɓen Bibata na ƙasa ya motsa, ta danne shi da haƙori.

"Laraba da hantsi," ta ce a hankali. "Tana ƙarƙashin matashina. Na ji ta yi motsi sau ɗaya. Na ɗauka kunnena ne."

"Kin ce kalma ɗaya kike so. A iya abin da na gani, yana raye."

"Ƙarya ne," in ji Mahamadu. "Ɓarayin waya ne. Kullum ana shiga wayoyin mutane, kai ma ka sani. 'Yan damfara sun cika Kotonu."

"Ba Kotonu aka ce ba."

"To wani ya tsinci gawar a can ƙasa, ya kwance layun."

"Ya farke layar matacce," in ji Cha'ibu, "ya gane wadda ba addu'a ba ce, ya san ta waya ce, ya hau mota har Kandi ya sayi sabuwa ya zuba. Zai yiwu. Ni dai ban taɓa ji ba."

"Kai yaro, kana wasa da abin da ya fi ƙarfinka."

"Yaya."

Bibata ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, abin da ba ta yi ba tun shigowarsu.

"An ce ƙanenka yana raye. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ka ce alhamdu lillahi ba."

Mahamadu ya kawar da ido.

"Ko ƙarya ce, mutum yakan ce Allah ya sa. Ba ka ce ba. Ba ka ce a sake karantawa ba. Ba ka tambayi ina ne a Kandi ba."

"Hankalina ne ya tashi."

"Ranar Litinin kai ka zo ka gaya mini. Ka tsaya a bakin ƙofa ka cire hula. Na faɗi, mata suka zuba mini ruwa. Kana tsaye kana kallo."

"Bibata, mu je gida. Wannan ba maganar kasuwa ba ce."

"Kadi kwana uku ba ta ci abinci ba."

"Na ce mu je gida."

Ta juya ga Cha'ibu.

"Wayar Yaya ma kai ka kulle masa?"

Cha'ibu ya so a ce ba shi ba ne.

"Ni ne."

"Shi ma ya rantsar da kai?"

"A'a."

"To." Ta miƙa tafin hannu ga Mahamadu. "Kawo wayarka, Yaya. Ko a duba ta a nan mu uku, ko gobe in an gama fatiha in fito tsakar maza in tambaye ka gaban liman. Ka zaɓa."

Mahamadu ya dubi bakin rumfar. Mutane na wucewa, kowa da abin da ya dame shi. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da wayar, ya kife ta a kan tebur kusa da ta ƙanensa. Bai buɗe ba. Bai kuma ɗauke yatsunsa daga bayanta nan da nan ba.

Da ya yi magana, da Cha'ibu ya yi, ƙasa-ƙasa.

"Ka ci amana ɗaya yau, ka ce za ka yi kaffara. Wannan ba ta da kaffara. Akwai masu nemansa, kuma kukan matar nan ne kaɗai ya sa suka daina zuwa ƙofar gidan. In ka buɗe, ba ita kaɗai za ta san inda yake ba."

Bibata ta sa yatsa ɗaya ta tura wayar a kan tebur, har ta taɓa hannun Cha'ibu.

"Buɗe."